Ƙugiyar Kaka Emilio

La Boca, Buenos Aires

Zuwa ga ƙanena Osvaldo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Graciela da yara, kuma sanyin Genoa can Italiya bai tayar maka da ciwon ƙirjin nan ba. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, Gwaggo Amalia kuwa ta cika tamanin da tara, har yanzu ba ta daina zagin likita ba. Na rubuto da hannu ne domin abin da ke raina ya ƙi fita ta waya. Sau biyu ina kiranka ina kashewa.

Ka ji labarin fim ɗin da aka zo ɗauka a unguwarmu, na faɗan daba a zamanin kakanni, tsakanin Italiyawan da jirgi ya sauke, irin su Kaka Emilio, da 'yan ƙasa masu wuƙa a ƙugu. Masu fim suka nemi mutanen unguwa su cika fage, kuma da ido suka yi rabon: mai farar fata baƙo, mai duhun fata ɗan ƙasa. Sai ga ɗana Dardo, wanda aka haifa a gidan nan, an kifa masa hular baƙo. Celso mijin 'yata Mirta, wanda ya zo daga Paraguay shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi aka ɗaura wa ƙyallen 'yan ƙasa a wuya.

Ka san Dardo bai taɓa son auren ƙanwarsa ba. Tun da aka sallame shi daga tashar jiragen ruwa bakinsa bai huta ba, wai 'yan ƙetare sun cinye aiki, wai tsakar gidanmu ta koma warin rogon 'yan Paraguay. Celso sai ya yi murmushi ya miƙa masa kofin shayin mate. Ni dai burina ɗaya a duniya, in ga 'ya'yana biyu suna cin taliyar Lahadi a tebur guda, jikata Noelia, 'yar Mirta, tana gefena. Da fim ya zo har murna na yi, na ce ko wasa zai haɗa abin da na kasa haɗawa.

Mako biyu suna gwaji, kullum Celso yana daka wa Dardo tsawa yadda aka rubuta masa, wai su koma inda suka fito, ƙazamai, maciya tafarnuwa. Ranar Lahadi a tebur sai Celso ya ɗan tsokane shi, wai yau shi ne mai gari, suruki ya fito da takardar izinin zama ko a hana shi miya. Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Dardo ne kaɗai bai yi ba, kuma na gani, na kau da kai.

A makon ne wata yarinya daga cikin masu fim ta bi gida gida tana aron tsofaffin kaya, akwati da fitila da tukwane, don a ƙawata wurin. Ka tuna ƙugiyar ƙarfe ta Kaka Emilio, ta jan buhu wajen dako, wadda ya kare kansa da ita ranar da aka yanke masa kunne? Ni na hau kujera na sauko da ita daga bango, Osvaldo. Ni na goge ta da mai, na ba Dardo ya kai musu, ina alfahari. Ratayewa kawai za a yi, domin masu faɗan ƙugiyar roba aka raba musu.

Ranar Alhamis da hantsi aka ɗauki babban faɗan a bakin ruwa, muna bayan igiya muna kallo. Celso ya taho yana ihunsa, Dardo ya ɗaga hannu ya sauke. Ƙarar da Celso ya yi ba wanda ya tsaya dominta, har mai ba da umarni yana cewa a ci gaba, ya yi kyau. Mirta ce kaɗai ta san muryar mijinta, ta tsallake igiya da gudu. Idonsa na hagu ya tafi, likitoci sun ce sai haƙuri.

Dardo ya rantse wa 'yan sanda cewa kuskure ne, ya ɗauki ƙugiyar Kaka a maimakon ta roba. Amma wanda ya yi shekara ashirin yana dako ya san nauyin ƙarfe da na roba. Na tsare shi a kicin, ya ce ai Celso ne ya fara, ko ban ji abin da yake kiransa ba? Na ce masa wannan rubuta masa aka yi, kuma kalmomin da kai ka shekara goma sha ɗaya kana faɗa masa ne, ba wanda ya rubuta maka. Ina sonsa, ni na haife shi, amma na kasa kallon hannunsa.

Celso ya ƙi kai ƙara. Ya ce da ni ba zai ɗaure kawun 'yarsa ba, amma 'yarsa ba za ta ƙara kwana tsakar gida ɗaya da shi ba. Ranar Asabar suka hau mota zuwa garinsu, Encarnación, can Paraguay, su uku. Masu fim kuwa sun ce ba za su cire wurin daga fim ɗin ba, wai shi ne ya fi kama da gaske. In ya zo garinku kada ka kai yara. In ka je kai kaɗai, ka sani jinin nan ba fenti ba ne.

Jiya Mirta ta kira ni. Ta ce dangin Celso ba sa zaginta, sai dai in ta shigo ɗaki a yi shiru, a makaranta kuma yara suna kiran Noelia 'yar ƙetare. Shi ya sa na rubuto maka. Kai ka shekara ashirin da huɗu kana baƙo. Ka gaya mini yadda ake jurewa, in san abin da zan gaya wa 'yata.

Ka gaida Graciela, da Bruno, da 'yar autarku Ornella. Gwaggo Amalia tana gaishe ku. Ba ta sani ba, kullum tana tambayar yaushe za mu je kallon fim.

Yayarka,
Nélida