Takardar Likitan Baba

Laraba, 14 ga Maris 2007, Setapak, Malesiya

Yau na kai Baba asibiti. Likita ta ce jijiyoyin jininsa sun yi tauri saboda shekaru, amma ƙwaƙwalwarsa garau take, wataƙila don bai taɓa daina karatu ba. Har lissafi ya gyara mata, tana dariya.

Wai wannan ne mutumin da ƙaninsa, Baffa Sani, ya ce gigin tsufa ya kama shi, har ya sa aka cire shi daga shugabancin makarantar da ya kafa a Kano.

A tasi Baba ya ce, "Ki bar shi da Allah, Hajara."

Na ce to. Amma na riga na yi wa takardar kwafi goma. Ranar taron dangi, Baffa da bakinsa zai karanta ta.