Tutocin Safiya

Daren Laraba, 11 ga Safar, unguwar Mansur, Makka

'Yata Safiya ta rasu ranar Asabar, bakwai ga wata, bayan la'asar, tana da shekara ashirin da biyu. An yi mata salla a Harami bayan isha'i.

Yau ƙawarta ta makarantar jinya ta bugo waya. Ammi take kirana, wato baffa da Larabci. "Ya Ammi, natijar jarrabawa ta fito. Wallahi Safiya ce ta ɗaya." Na yi mata godiya yadda ya kamata, na tambayi lafiyar mahaifinta.

Tun sannan nake tuna wata maganar Turawa da malamarsu ta yi musu fata da ita ana gobe jarrabawa, wai su haye tutocinsu na kaɗawa. Safiya ta tambaye ni ma'anarta. Na ce asalinta jirgin ruwa ne da ya dawo gida da nasara bai sauke tuta ko ɗaya ba, kuma ba a faɗa wa wanda ya tsallake da ƙyar. Ta yi dariya. "Baba, ina muka ga teku a Makka? Sai dai in ɗaga gyalen Umma a saman bene."

Ɗazu na lumshe ido, sai na ga jirgi yana gangarowa daga unguwar Tandabawi a hankali, tsakanin motoci, shuɗin gyale a samansa. Babu wanda ya yi mamaki.

Yau ne ummanta ta fara samun barci. Ban sani ba ko labarin zai sanyaya mata rai ko zai fama mata ciwo. Ban faɗa mata ba tukuna.