Motar da Surukina Ya Tura

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar dillalan motoci ta yankinmu na Arewa.

Ranka ya daɗe Alhaji, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da iyali, da jama'ar da Allah ya ɗora maka. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Matankari, inda ake kirana Mushe kamar kowane malami. Ba ka san ni ba, sai dai wataƙila labarina ya iske ka, don an sha dariyarsa a tasha. Na daɗe ina kai da komo kafin in ɗauki alƙalami, saboda abin da zan faɗa tonon asirin kaina ne. Na zo wurinka a Dogon Dutsi ba sau ɗaya ba, kullum a ce ka yi tafiya, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na ɗaya. Bara, bayan an cire amfanin gona, na sayar da wakena, na haɗa da abin da na tara na albashi, na sayi mota a hannun ɗaya daga cikin dillalanka. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Fara ce fat, fentinta na ɗaukar ido. Ya nuna mini agogon da ke ƙidayar kilomita, ya ce in duba da idona, ko rabin ƙarfinta ba a ci ba. Ya rantse daga bakin teku aka hawo da ita, wai wata tsohuwa ce ta riƙe ta a Turai, kasuwa kaɗai take zuwa da ita. Na ce a bari in gwada ta cikin rairayi, ya ce ai a kan kwalta ake gwada mota. Muka yi zagaye ɗaya, aka sa albarka.

Fitata ta farko da ita, kasuwar Tibiri na nufa, na sha babbar riga, na ɗora gwiwar hannu a taga. Ina tsayawa motar ta yi wani tari, sai na ji wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta kwashe da dariya tana kiran 'yan uwanta: "Ku taho ku gani, wagga ai Tura-mu-tafi ta! Wa ya yi mata sabuwar riga?" Ashe motar haya ce da ta yi shekaru tana jigilar mutane da awaki a wannan hanya, har sai da direbanta ya gaji ya rabu da ita. An sake mata fenti, an mayar da agogonta baya, amma tarinta yana nan, kuma da shi suka shaida ta. Na koma wurin dillalinka, ya ce ciniki ya riga ya faɗa.

Na biyu. Daga ranar ban ƙara sanin hutu ba. Yau lagireto na yoyo, gobe giya ta ƙi shiga, jibi batir ya mutu. Kafin damina inji ya buga, gyaransa kaɗai ya cinye albashina na wata uku. 'Yan lakwal ɗina sun daina tambayata ko na iso lafiya, sai dai su tambaye ni ko da ƙafa na zo. Duk wannan na haɗiye shi, kuma da a nan abin ya tsaya, wallahi da ba ka ji ta bakina ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Mai ɗakina, Dije, ɗiyar makiyaya ce daga wata ruga bayan Sukukutane. Mahaifinta, wanda muke kira Baffa, ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dishi-dishi. Sai aka yi shela cewa likitocin ido sun zo Dogon Dutsi, za su yi aikin cire yana na 'yan kwanaki su wuce. Mutanen rugar sun riga sun shirya su kai shi bakin babbar hanya a amalanke tun da wuri, daga nan ya hau motar haya. Ni ne na hana. Na ce ina da mota surukina ba zai hau amalanke ba. Makanike ya kwance ya ɗaura, ya ce ta yi garau, aka tsayar da ranar ƙarshe ta aikin, don ita ce ranar da ba ni da aji.

Da hantsi, ni da Dije mun ɗauko Baffa daga ruga, a cikin rairayin da ke tsakanin Sukukutane da Matankari, motar ta yi tarin nan nata ta mutu. Babu gida kusa, babu mai wucewa, waya ba ta kamawa. Na buɗe gabanta na tsaya ina kallon inji kamar na san abin da nake nema. Na san turi take so, Dije ma ta sani, ga ta da tsohon ciki, ba dama ta tura.

Alhaji, kai ma kana da surukai. Ka san al'ada: tun da na auri Dije ban taɓa cin abinci a gaban Baffa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi cire takalmi nake yi in durƙusa. Wannan mutumin ne na ji ya buɗe ƙofa ya sauko. Bai yi mini magana ba, ga ɗiyarsa ya juya: "Ce ma Mushe shi shiga shi riƙe, ni in tura." Ya cire malfarsa ya miƙa mata, ya bi jikin motar yana lalube da hannu har ya samu bayanta, ya sa kafaɗa. Dije ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na shiga na zauna a kan kujera, tsoho mai furfura, wanda ba ya gani, yana tura ni. Ina hangen sa ta madubi, ƙafafunsa na nutsewa, takalminsa ɗaya ya cire ya tsaya cikin rairayi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Motar ba ta tashi ba. Sai bayan la'asar wani bawan Allah ya biyo da amalanke, ya ɗaura mana igiya, shanunsa suka ja mu har Matankari. Washegari da muka isa Dogon Dutsi, likitocin sun tattara kayansu sun tafi. An ce za su dawo, amma babu mai iya faɗin yaushe.

Don haka ga roƙona. Duk motar da ta taɓa yin haya, dillali ya faɗa wa mai saye a gaban shaidu, ya sayi tsohuwa yana sane da tsufanta. A daina taɓa agogon kilomita, wanda aka kama kuma a cire shi daga ƙungiya. A bar mai saye ya gwada mota cikin rairayi, don mu a nan rairayi muke bi. Ba na neman a mayar mini da ko dala. Abu ɗaya nake roƙo wa kaina: ranar da likitocin ido suka dawo, ƙungiyarka ta ba da mota mai lafiya da direbanta, a je ruga a ɗauko Baffa. Ni ba zan iya sake zama gabansa a kan kujerar direba ba.

Tun daga wannan rana ban taka rugar ba. Ɗayan idon nasa ya ida rufewa, yanzu da sanda ake jan sa zuwa wurin shanunsa, yana shafa su da hannu yana kiran sunayensu. Da ya zage ni, da na samu sauƙi. Amma da Dije ta je wankan gida ta dawo, ga saƙon da ya ba ta: a gaishe da Mushe, a ce masa kada ya sa komai a ransa, kuma a tambaye shi yaya jikin motar, ko ta samu sauƙi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon tsayar da gaskiya a cikin mutanenka, ya tsare maka idanunka da mutuncinka a gaban surukanka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin lakwal, Matankari.