Wasan da Baba Ya Yi wa Malaman Jamilatu

Limancin Kona, Zariya
12 ga Maris, 1984

Zuwa ga Yaya Nasidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a can Indiya. Allah ya kare ka, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan kowa ƙalau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba.

Abin da ya sa na rubuto, Baba ne ya yi mana ɓarna da kyakkyawar niyya. Ka san Indiyawan nan biyu da ke koyarwa a makarantar autarmu Jamilatu, Mista Raman, ɗan addinin Hindu mai lissafi, da Malam Kuraishi, Musulmi mai kimiyya. Saboda jarrabawarta ta matso, suna zuwa zaurenmu da yamma su yi mata bita, a kan Vespa ɗaya, suna tafe suna musu. Baba da ya ga haka sai ya ɗauka abokan wasa ne, irin shi Bafillace da Malam Yari Babarbare, masu kiran juna bawa tun ba a haife mu ba. Wata ranar Juma'a bayan an ci abinci, ya dube su yana dariya ya tambaya wai a ƙasarsu wane ne ubangida, wane ne bawa.

Ba wanda ya yi dariya. Malam Kuraishi ya ce tambayar da iyayensu suka yi ke nan a zamanin Turawa, da za a rubuta tsarin mulki. Musulmi ba su kai Hindu yawa ba, idan ƙuri'a kaɗai za a ƙirga kullum su ne a ƙasa, shi ya sa suka nemi a ware musu kujeru, su zaɓi wakilansu da kansu. Mista Raman ya ce wannan warewar ce ta kashe su, Bature ya ji daɗinta, ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne, ƙuri'arsa ɗaya. Kuraishi ya ce mai rinjaye ne kawai ke iya faɗin haka cikin kwanciyar rai. Daga nan maganar ta bar majalisa ta shigo gida. Ashe mahaifiyar Raman a ƙafa ta gudo lokacin rikicin da aka yi wajen raba ƙasar tasu gida biyu, kawun Kuraishi kuwa ya hau jirgin ƙasa ba a sake jin labarinsa ba. Shekara da shekaru suna tare, ba su taɓa gaya wa juna ba.

Ranar, Kuraishi a ƙafa ya koma gidansa a unguwar Tukur-Tukur. Mako guda ba wanda ya leƙo, Jamilatu tana ta kuka, ni ma hankalina ya tashi. Baba ya bi su gida ɗaya bayan ɗaya ya ba da haƙuri, suka ce ba laifinsa ba ne. Sun dawo, alhamdulillahi, amma sun raba kwanaki, kowa da ranarsa, ba sa haɗuwa.

Don haka, Yaya, na san bakinka irin na Baba ne, ka riƙe shi a can. Jiya Malam Yari ya tsaya a ƙofar gida yana kiran ina bawansa. Baba ya fito ya kama hannunsa ya riƙe, bai rama ba.

Ka gaida Kabir abokin ɗakinka. Inna da Gwaggo Tani da Jamilatu suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Maimuna