Inositol Ya Yi Nasa, Saura Kai

Zuwa ga sanyin idona, inuwata idan ranar Abuja ta buɗe, ƙamshin ƙasar Kuje bayan ruwan farko, mijina Umar Farouk, injiniyan da ya hau dutsen Mambila kai wa mutanen Gembu ruwan famfo, ya bar matarsa da ƙishi.

Assalamu alaikum. Na koma ga biro ne saboda wayarka ta zama abokiyar gabata. Da na fara maganar da ke raina sai muryarka ta tsinke, in ƙare da yi wa bango hira. Kuma ko da layin ya kama, akwai zancen da kunya ba ta barin bakina ya faɗa. Takarda kuwa ba ta kallon fuskata.

Ka tuna ranar da muka je wurin Dakta Lucia, likitar mata? Ita ce ta fara gaya mana sunan abin da ya sa al'adata take ɓacewa wata da watanni, ta ce ƙwayayen haihuwata ne ke taruwa ƙanana ƙanana, ba sa nuna har su fito. Ta rubuta min garin inositol in riƙa damawa a ruwa safe da yamma, ta haɗa da tattaki da rage zaƙi. Ta kuma faɗa mana gaskiya, cewa yana taimakon wasu matan, wasu kuma sai an ƙara musu da wani magani. Na daure har muka shiga mota, sannan na fashe da kuka. Kai kuwa ba ka tada motar ba. Ka riƙe hannuna ka ce, "Bilqis, ke na aura, ba 'ya'yan da za ki haifa ba." Washegari ka kai kanka aka gwada ka ba tare da kowa ya roƙe ka ba, ka dawo kana ɗaga takardar sakamako kamar wanda ya ci kofi. Wace mace ce za ta ga haka zuciyarta ba ta narke kamar man shanu a kan tuwo mai zafi ba?

Amma ban yafe maka satar da ka yi min ba. Ina ta mamakin yadda kwalin maganin yake ƙarewa da wuri, har na fara zargin kaina da mantuwa, ashe kai ne kake zuba shi a shayinka, wai yana da ɗan zaƙi kuma ba za ka bar ni ina shan magani ni kaɗai ba. Da na kai ƙararka asibiti, ka tsuke fuska ka tambayi Dakta ko akwai abin da zai same ka. Sai da ta cire tabarau don dariya, ta ce ka kwantar da hankalinka, ciki dai ba zai shige ka ba. Har yau idan na shiga ofishinta sai ta tambaye ni lafiyar majinyacinta na biyu.

To, ga labarin da ya sa na zauna rubutu. Baƙuwar nan ta wata-wata da take zuwa lokacin da ta ga dama ta koyi ladabi, watannin nan a jere tana zuwa a kan kari. Jiya Dakta ta ɗora min na'urar hoton ciki, ta juyo da allon ta nuna min wani ɗan baƙin da'ira, ta ce ƙwai ne yake girma yadda ake so. Na zuba masa ido kamar mai duban jinjirin watan sallah. Sai ta waiwayi kujerar da kake zama, ta ga jakata ce a kai, ta ce, "Madam, inositol ya yi nasa. Ina oga?"

Me zan ce mata, hasken ɗakina? In ce yana can cikin hazo yana auna bututu? Gwaggo Hansatu ma ta zo daga Jiwa da jarkar saiwoyi, ta ce ba ta yarda da maganin da sunansa ke karya harshe ba. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na ajiye sai na tambayi likita. Da za ta tafi ta leƙa ɗakinka, ta ga gadon a gyare kamar na otal, ta girgiza kai ta ce ko saiwoyinta ba sa aiki daga nesa.

Ina kewarka kamar yadda fadama ke jiran damina. Tattakin da muke yi a bakin tafkin Jabi yanzu ni kaɗai nake yi, agwagin ruwa ma biyu biyu suke wucewa don su ba ni haushi. Gidan ya yi min faɗi. Ba wanda ke barin murfin man goge baki a buɗe, kuma wallahi har wannan nake kewa.

Don girman Allah ka je wurin Oga Thaddeus, shugaban aikinku, ka nemi hutu a farkon watan gobe. Ka ce masa likita ce ta rubuta ka a matsayin magani, ba ƙarya ka yi ba. In ya hana, ka gaya masa akwai wata mata da ta san hanyar tashar Utako, za ta hau motar Jalingo ta hawo dutsen nan da akwatinta, ta tare a ofishinsa.

Ban manta haihuwa kyautar Allah ce ba. Wataƙila wannan karon, wataƙila sai an sake haƙuri, wataƙila kuma mu biyu aka rubuta mana mu tsufa muna faɗa a kan shayi. Na yi maka alkawari ba zan sa rai fiye da kima ba. Sai dai ranar Asabar a kasuwa na ga wata safa ta jarirai, fara, ba ta kai tsawon yatsana ba. Na wuce ta, na dawo, na saya. Ban nuna wa kowa ba. Tana cikin hularka ta zuwa Juma'a, kuma ba zan fito da ita ba sai ka zo mun duba tare.

Taka, da goyo ko babu, yau da gobe da ranar da furfura za ta rufe mu,

Bilqis