Na Kashe Wayar, Kuma Ba Zan Ba Da Haƙuri Ba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya ja mini kora.

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin kula da walwalar jama'a. Bana ofishinmu ya kawo wata manhaja: duk gidan da kika je, ki kunna waya ta naɗi hirar, ita za ta rubuta rahoto. Ban ƙi ba, ta rage mini ciwon yatsu. To makon jiya na je wurin wata baiwar Allah da ta gudo daga hannun mijinta, haƙoranta biyu ya zubar. Ɗaki ɗaya ne, daga tabarma sai bokiti. Da ta zo faɗa mini inda za ta koma ta ɓuya, sai ta kalli wayar ta yi shiru. Na kashe. Na rubuta adireshin da biro a littafina na jefa a jaka.

Yanzu oga ya ba ni takardar tuhuma, wai rahotona da giɓi, ko in shigar da adireshin kafin Litinin ko a dakatar da ni. Na tambaye shi su wa ke iya buɗe abin da manhajar ta haɗiye, ya ce kamfanin da ya ƙirƙiro ta ya ce ba matsala. Kamfanin ne zai tsaya mata a bakin ƙofa? Ni fa ba zan shigar ba, haƙuri ma ba zan bayar ba. Maigidana ya ce taurin kai ne. Na ji, na karɓa.

Mai Biro

Amsa:

'Yar'uwa, kashe wayar da kika yi daidai ne. Matar ba ta yarda a naɗa ba, shirunta ya isa. Kar ki ba da haƙuri a kan wannan.

Amma ogan naki ma ba shirme yake yi ba. Jakar hannu ba wurin ajiyar sirri ba ce, ana mantawa da ita a mota. Kuma idan aka dakatar da ke ran Litinin, matar nan ta shiga hatsari ran Talata, wa ya san inda za a same ta? Ke kaɗai, ga ki zaune a gida.

Ki koma wurinta ki gaya mata wanda zai ga adireshin, ki nemi yardarta. Sannan ki amsa tuhumar a rubuce, ban da zafin baki: za ki miƙa adireshin a takarda a kulle shi a ofis, ba zai shiga manhaja ba sai an nuna miki a rubuce masu iya buɗe ta. Shafin littafin kuwa ki yage ki ƙona.

Ki riƙe taurin kan nan, amma kar ki bari a kore ki da adireshin a jaka. Allah ya tsare ta, ya dafa miki.