Rasuwar Dokta Gunvor Eikeland da Saƙon da Aka Kai Bukka ta Bakwai

Cikin alhini da nauyin zuciya, Kwamitin Amintattu na Cibiyar Halwa ta Rimvatn, ƙarƙashin jagorancin Shugabansa, Farfesa Arnfinn Hovde, yana sanar da mambobin ƙungiya, da tsofaffin baƙinmu, da masu aikin sa kai, da ɗaukacin jama'a, cewa ya sami labarin rasuwar Shugabar riƙon ƙwarya ta Cibiyar, Dokta Gunvor Eikeland, wadda Allah ya yi wa cikawa da safiyar Talata, 21 ga Nuwamba, tana da shekara sittin da takwas. Mai kula da gine-gine da kwalekwalen Cibiyar, Mista Steinar Brekke, shi ya same ta da misalin ƙarfe goma, tana zaune a kan bencin rumfar itace, kwandon da ta cika da itace yana ajiye a gefenta. Likitan da ya iso a jirgi mai saukar ungulu ya tabbatar da cewa zuciyarta ce ta tsaya, kuma babu alamar ta sha wahala.

Marigayiyar ta bar 'ya ɗaya, Uwargida Sigrun Eikeland Moe, da jikoki uku, da ƙane ɗaya, Mista Torleif Eikeland. Da amincewar Uwargida Sigrun Kwamitin ke fitar da wannan sanarwa, kuma akwai abin da ya zama dole a faɗa tun daga farko. Mista Torleif yana cikin halwar kwana arba'in a bukka ta bakwai, a ƙetaren tafki, inda babu waya kuma babu hanyar mota, saboda haka mai yiwuwa ne masu karanta wannan takarda su riga shi sanin cewa yayarsa ta rasu. An tsayar da jana'iza ranar Juma'a, 1 ga Disamba, wadda ita ce ranar ƙarshe a wa'adin da hukumar maƙabartar garinsu ta ba iyalin. Halwarsa kuwa ba za ta cika ba sai ranar 6 ga wata.

Dokta Gunvor ta yi shekara talatin da huɗu tana aikin likita a tsibiran gaɓar arewa, inda sau da yawa kwalekwalen masunta ne motar asibitinta. Ta fara zuwa Rimvatn shekara goma sha ɗaya da suka wuce a matsayin baƙuwa, wata uku bayan rasuwar mijinta, ta yi halwar kwana goma ta tafi ba ta ce wa kowa komai ba. Da bazara ta gaba ta dawo, ta nemi a ba ta aikin feraye dankali a madafa. A watan Afrilun bara, da rashin lafiya ya tilasta wa tsohon Shugaban Cibiyar ajiye aiki, Kwamitin ya roƙe ta ta riƙe na wata shida kafin a sami shugaba na dindindin. Wata shidan nan ya zama wata goma sha tara, domin samun mai yarda ya zauna a wurin da rana ke ɓacewa tun ƙarfe biyu bai zo da sauƙi ba: wanda ya fi burge Kwamitin ya ga Rimvatn a watan Yuli ya yi murna, ya dawo a watan Janairu ya janye takardarsa.

A duk tsawon wannan lokaci marigayiyar ba ta koma gidan Shugaba ba, ta ci gaba da kwana a ƙaramin ɗakin da ke saman madafa, ba ta kuma yarda a rubuta sunanta a ƙofar ofis ba. Duk wanda ya kira ta Shugaba sai ta ce, “A'a, ajiya aka ba ni, mai kayan yana hanya.” Ba ta sauya doka ko ɗaya ba, abin da ta ga yana bukatar gyara sai ta rubuta shi a littafi domin wanda zai gaje ta. Amma abin da ba zai jira ba, ba ta bar shi ya jira ba. A hannunta aka sake rufin ɗakin addu'a kafin dusar ƙanƙara ta karya shi, aka sa akwatin magani a kowace bukka, kuma babu ma'aikacin da ta bari bai iya ɗaure karaya ba.

Abin da baƙinmu za su fi tuna ta da shi shi ne yadda ta riƙe amanar kati. Tun kafuwar Cibiyar shekara ashirin da uku da suka wuce, duk mai shiga halwa yakan rubuta a kati, a gaban Shugaba da shaida ɗaya, sunayen mutanen da ya yarda a katse masa shiru saboda rashin lafiyarsu ko rasuwarsu. Sunan da ba ya kan kati, labarinsa yana jira. Shugaba ne kaɗai ke ajiye katunan, shi kaɗai ke buɗe su, shi kaɗai kuma ke da izinin ƙwanƙwasa ƙofar bukka. Da wannan alkawari ne mutum ke iya ajiye duniya ya zauna da Ubangijinsa ba tare da kunnensa yana kan hanya ba.

Dokta Gunvor ba ta taɓa sassauta wannan doka ba. Wani magidanci ya yi tafiyar kwana biyu don ya gaya wa mahaifinsa da ke cikin halwa cewa matarsa ta haifi tagwaye, ta duba kati, ta dube shi, ta ce, “Barka da arziki. To, tagwayen ba gudu za su yi ba, kakansu ma haka. Saura kwana biyar, ga gatari can.” Ya zauna ya faskare mana itacen wata guda. Ita ce kuma, a watan Fabrairun bana, ta yi tafiyar awa uku cikin guguwar dusar ƙanƙara zuwa bukka ta uku, domin sunan da aka bugo waya a kansa yana kan kati, kuma baƙuwar da ke bukkar ta isa asibiti ta sami mahaifiyarta da rai. Akwai kuma wanda ya fito ya tarar an binne amininsa da bai rubuta ba, ya yi fushi ƙwarai. Ta zauna ta saurare shi har ya gama, ta yi masa ta'aziyya, amma ba ta ce ta yi kuskure ba.

Mista Torleif, tsohon injiniyan jirgin fito mai shekara sittin da ɗaya, ya rasa matarsa a watan Mayu, kuma yayarsa ce ta lallashe shi ya zo. Ya shiga halwa ranar 28 ga Oktoba. Mista Steinar, wanda shi ne shaida a ranar, ya gaya wa Kwamitin cewa sunayen 'ya'yansa biyu kawai Mista Torleif ya rubuta. Da ya tambaye shi, “Yayarka fa, ba za ka sa ta ba?” sai Mista Torleif ya yi dariya ya ce, “Wannan tsohuwar? Ai ita ce mai kawo labarin. In ta mutu wa zai zo ya faɗa min?” Marigayiyar kuma ta ce, “Rabu da shi, Steinar, tun yana firamare bai taɓa cike takarda daidai ba.” Daga nan ta rufe ambulan.

Kwamitin ya yarda cewa kuskuren ba na Mista Torleif ba ne, na Cibiyar ne. A shekara ashirin da uku babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar abin da za a yi idan mai riƙe da katunan ne ya rasu. Ranar Talata da hantsi babu mai izinin buɗe ambulan a Rimvatn, babu kuma mai izinin ƙwanƙwasa ƙofa. Don haka a yammacin ranar Kwamitin ya yi taron gaggawa ta waya, ya naɗa limamiyar Cibiyar, Rabaran Borghild Nesset, sabuwar Shugabar riƙon ƙwarya. Aikinta na farko shi ne buɗe katin bukka ta bakwai, kuma ta tarar da shi kamar yadda shaida ya faɗa.

A zama na biyu, ranar Laraba, ra'ayi ya rabu, kuma Kwamitin ba ya ganin amfanin ɓoye hakan. Wasu mambobi sun ce kati alkawari ne, idan aka karya shi sau ɗaya saboda dalili mai kyau, babu baƙon da zai sake shiga bukka hankalinsa kwance, kuma marigayiyar da kanta da ba ta je ba. Wasu sun ce mutumin bai bar sunan don ba ya son ji ba, ya bar shi ne don bai zaci zai bukace shi ba. Uwargida Sigrun ta ce, “Ban ce dole Kawu ya zo ba. Amma kada ya fito ya tarar an binne Mama da kwana biyar, kowa ya sani sai shi.”

Abin da ya raba gardamar ya fito ne daga bakin Mista Steinar. A al'adar Cibiyar, kowace rana da hantsi mai halwa yakan rataya jan ƙyalle a ƙofar bukkarsa don a san yana lafiya, Shugaba kuma ta duba da madubin hangen nesa ta ɗaga farin ƙyalle ta amsa. Dokta Gunvor ba ta taɓa wakilta wani a wannan aiki ba. Tun ranar Talata Mista Steinar ne ke ɗagawa, domin tafkin yana cikin mawuyacin lokacinsa, ƙanƙarar ta yi kaurin hana kwalekwale wucewa amma ba ta yi kaurin ɗaukar mutum ba, kuma an ji tsoron idan ba a amsa ba Mista Torleif zai gwada tsallakowa. Ya ce wa Shugaban Kwamitin, “Farfesa, ni fa na gaji. Jiya na ɗaga tsumman nan, yau ma na ɗaga, bawan Allah yana can yana zaton yayarsa ce ke gaishe shi. Ku tura ni wajensa, ko ku nemi wani mai ɗagawar.”

Da rinjayen mutum biyar a kan biyu, Kwamitin ya yanke cewa Rabaran Borghild za ta je da kanta, ta ƙwanƙwasa sau uku kamar yadda doka ta tanada, ta faɗa masa daga waje cewa akwai labarin da ba ya kan katinsa, ta tambaye shi ko yana so ya ji. Kwamitin ya san cewa jin wata murya da ba ta yayarsa ba a bakin wannan ƙofa ya riga ya faɗi rabin labarin, amma ya ga ya dace a bar masa sauran rabin a hannunsa. Idan ya zaɓi ya fito, akwai lokacin da zai isa jana'iza. Idan ya zaɓi ya ƙarasa halwarsa, babu mai ganin laifinsa, kuma iyalin sun amince da haka. An sa wani ma'aikaci ya ci gaba da ɗaga farin ƙyallen jiya da yau saboda tsaron lafiyarsa, kuma alhakin wannan yana wuyan Kwamitin, ba na ma'aikata ba. Sauran baƙi huɗu da ke halwa za su ji labarin idan sun fito. Gyaran dokar kati kuma za a kai shi gaban babban taron mambobi a watan Mayu.

A madadin Farfesa Arnfinn Hovde, da Rabaran Borghild Nesset, da mambobin Kwamitin Amintattu, da ma'aikata da masu aikin sa kai, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Uwargida Sigrun Eikeland Moe da maigidanta da 'ya'yansu, ga Mista Torleif Eikeland da 'ya'yansa, ga mutanen tsibiran da ta yi wa hidima, da kuma ɗaruruwan baƙin da suka bar sunayen masoyansu a hannunta suka shiga bukka ba tare da fargaba ba. Muna roƙon Allah Maɗaukaki ya ba ta hutawa ta har abada, ya saka mata da alherin da ta yi a ɓoye da a sarari, ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi, ya kuma tsaya wa ƙanenta, wanda ya shiga daji da makoki ɗaya zai fito da biyu. Muna roƙon jama'a kada su nufo Cibiyar a wannan lokaci. An ajiye littafin ta'aziyya a majami'ar ƙauyen Holmset.

Rabaran Borghild da Mista Steinar sun tashi jiya Alhamis da wayewar gari, suka zagaya tafkin da ƙafa, tafiyar kilomita goma sha tara, suka kwana a rumfar mafarauta da ke tsakiyar hanya. Da ƙarfe ɗaya saura kwata na ranar yau Mista Steinar ya kira ta wayar oba-oba ya ce sun isa, hayaƙi yana tashi daga bututun bukkar, kuma Rabaran ta bar shi a bakin tafki ta haura ita kaɗai. Daga nan wayar ta katse. Har zuwa lokacin da aka sa hannu a wannan takarda, Kwamitin bai sami tabbacin ko Mista Torleif ya buɗe ƙofar ba.

Halvard Nesheim
Kakakin Kwamitin Amintattu
Cibiyar Halwa ta Rimvatn
Juma'a, 24 ga Nuwamba